Zancen Tsakar Gida: Shanya Rabin Wanki Ce

Wadda Allah Ya ba karatu ta daure ta karanta wa sauran a wurin zubi, kamar yadda munka saba.

Yau a filin namu zancen shanya za mu yi. Na san akwai wadda za ta riƙe baki ta ce, "Haba Yaya, shanya ma sai an yi mata darasi?" To, ki yi haƙuri mu yi lissafi tukuna, tunda lissafi ne ya haɗa mu. Ranar wanki, ruwan nan ko dai kin saye shi wurin ɗan garuwa, ko kin bi layi a pompo, ko kin ja shi da guga har tafin hannunki ya yi ja. Sabuni da omo kuɗi ne. Ga duƙawar da kinka yi tun hantsi har bayanki ya riƙe. Sa'an nan ki ɗauki kayan nan da kinka sha wuya a kansu, ki aza bisa katanga, ko ki rataya a darni, ko ki baza su ƙasa bisa rairayi, ki juya ki shiga madafa. Da la'asar ki dawo ki tarar kaza ta bi ta kai, iska ta jefa ɗaya cikin kwata, akuya ta tauna bakin ɗaya. Aiki ya dawo sabo.

Abin da ya fi ruwa da sabuni tsada kuwa, shi ne zanen kansa. Da yawanmu, turmin atamfar da ke cikin akwati ranar rabon asusu munka saye shi, bayan shekara guda ana zubi. Wata ma bashi ta ɗauka ta yi wa ɗiyanta kayan salla, tana nan tana biya. Zanen da ya kamata ya yi shekaru yana zuwa biki da suna, in ya koɗe tun bai ga salla ta biyu ba, daidai yake da kuɗin zubi da sunka zube a hanya. Don haka nake cewa shanya rabin wanki ce, kuma wurin shanya kayan aikin gida ne kamar murhu da randa. Ya kamata a yi masa tanadi.

Abin da ke busar da kaya

Mukan ce rana ke busar da kaya. Gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. Zafin rana yana tayar da ruwan da ke cikin zane, iska ce ke kwashe shi ta wuce, wata busasshiya ta zo ta kwashi saura. In iskar ba ta motsi, ko ita ma ta riga ta ƙoshi da laima kamar cikin marka, sai ki ga zane ya wuni a igiya bai bushe ba. Ku duba hunturu mana. Ga sanyi har ana jin wuta, rana ta ɓuya cikin hazo, amma kafin ki sauke tukunya kaya sun bushe ƙarau, don iskar hunturu ba ta da laima ko kaɗan.

In kin gane wannan, sauran mai sauƙi ne. Ki matse kaya sosai, ki kakkaɓe su biyu ko uku kafin ki rataya, don su warware. Ki buɗe kowace tufa iyakar faɗinta. Ki bar fili tsakanin wannan da waccan, ko da faɗin tafin hannu ne, iska ta samu hanyar wucewa. Zanen da anka shimfiɗa ƙasa ko anka manna bisa katanga, fuska ɗaya kaɗai ke shan iska. Wanda ke rataye, gaba da baya duk suna sha. Mu kuwa igiya ɗaya ce a gidan, sai mu jibga riga bisa riga, wando bisa zane, ta sama ta bushe, ta ƙasa ta kwana da danshi. Daga nan warin nan mai tsami ke fitowa, wanda turaren wuta ba ya rufewa. In abin ya daɗe sai fumfuna ta yi wa tufa baƙin ɗigo, shi kuwa da wuya ya fita.

Ƙasa, katanga da darni

Kowace cikinmu ta san aikin ƙarangiya in ta kama bakin zane, da yadda ƙayar darni ke jan zaren leshi. Katangar laka da damina takan bar wa farar riga jan tabo. Kwanon da ya yi tsatsa shi ma haka. Kunama kuwa ba ta da wurin kwana da ya fi tufa mai sanyi da anka bari a jikin darni har duhu. Waɗannan da ido ake ganinsu. Akwai wanda ba a gani, shi nake so ku saurara da kyau.

Akwai wani ƙuda, ya ɗan fi ƙudan gida girma, launinsa ruwan ƙasa mai ɗan rawaya. Macen takan zuba ƙwai, ɗari ko fiye, a rairayin da ke cikin inuwa inda fitsari ko kashi ya taɓa, ko bisa tufa mai danshi, balle tsumman jariri da bai fita sosai ba. Cikin kwana 1 zuwa 3 ƙwan ya ƙyanƙyashe ƴan tsutsotsi da ido ba ya kula da su. In an sa wa yaro tufar, ɗumin jikinsa ya jawo tsutsar ta huda fata ta shige, ba tare da ya ji ba. Bayan ƴan kwanaki sai ki ga ƙurji kamar maruru, da ɗan rami a tsakiya, yaro na ta kuka yana cewa abu na cizonsa. Tsutsar tana ciki tana girma, sai ta yi kamar kwana 8 zuwa 12 kafin ta fito da kanta. An fi ganin abin da damina. Wadda ta ga irin wanga ƙurji kada ta tsaga da reza, kada ta matse da ƙarfi, ta kai yaron asibiti su fitar da ita su wanke wurin.

Rigakafinsa a hannunmu yake. Ƙudan nan ba ya son rana tsaka, kuma ƙasa ce gidansa. A ɗaga kayan yara daga ƙasa, a rataya su inda rana ke bugu, a kwashe da zarar sun bushe. Wadda ke da dutsen guga ta goge su ciki da waje, har wurin ɗinki, don zafin guga yana kashe ƙwan. Ba ƙawa ce kawai guga ba.

Yadda za ki yi mashanya

Ni mashanya nake ce wa abin nan da ake kafawa don rataye wanki. Wasu kan ga irin ta ƙarfe mai naɗewa a manyan butiki na birni su ce ta masu kuɗi ce. Dabarar dai ɗaya ce: igiyoyi ko sanduna da yawa jere da juna, sama da ƙasa, a ɗan ƙaramin fili. Iri uku zan kawo muku, kowace ta duba wadda ta dace da gidanta.

Ta farko ita ce ta gwafa, ga masu filin tsakar gida. Gwafa huɗu za a kafa kamar za a yi rumfa, sai dai ba rufi. Tsawon wurin ya ɗan wuce mita 2, don zane ɗaya yadi 2 ne, bai kai mita 2 ba, kin ga zai miƙe sarai ba naɗi. Faɗin wurin mita 1 ya isa. A gitta sanda mai ƙarfi bisa gwafa biyu na wannan gefe, wata bisa biyu na wancan, a ja igiya shida daga wannan sanda zuwa waccan, taƙi guda tsakanin kowace da ƴar uwarta. Ki lissafa: igiya 6, kowace mita 2, mita 12 ke nan na shanya a filin da bai fi shimfiɗar babbar tabarma ba. Tsayinta ya wuce kanki kaɗan, yadda hannunki zai kai amma yaro mai gudu ba zai sarƙe da wuya ba. Icen dogon yaro yana da kyau don gara ba ta cika son shi ba. Ba sai an kayar da icce ba, rassan da maigida ya rage wurin sassabe sun isa. A babbake gindin da za a binne, ko a shafa masa baƙin mai, zai fi daɗewa. Igiyar roba ta fi santsi, ta kaba takan ja zaren tufa mai laushi. Wayar ƙarfe kuwa tana tsatsa, tabonta ba ya jin sabuni.

Ta biyu ita ce mai naɗewa, ga ƴan uwanmu na gidan haya a Yamai da sauran birane, inda ɗaki goma ke kallon tsakar gida ɗaya. Ki ɗauka ƙananan tsani biyu ne masu faɗi, an jingina kawunansu da juna. A ɗaure kawunan da igiya mai ƙarfi, ko kafinta ya haɗa su yadda za su riƙa buɗewa suna rufewa. A ƙasa a sa ƴar igiya tsakanin ƙafafun don kada su baje. Tsayinta daidai ƙirji, matakai huɗu ko biyar kowane gefe. Amfaninta shi ne tana tafiya. Da safe ki kai ta inda rana take, in hadari ya taso ku kama ke da ɗiyarki ku shigar da ita ƙarƙashin rumfa da kayan a kanta, in kin gama ki naɗe ki jingina bayan ƙyaure. In mai walda ne ya yi miki ta ƙarfe, ki ce ya shafa fenti ya bushe sosai, ko a zura sandunan cikin tiyon roba don tsatsa. Wurin rataya, ki raba nauyi gefe biyu daidai. Dogayen kaya sama, ƙanana ƙasa. Ranar iska ki danne ƙafafun da dutse, kuma ki hana yara hawa, don su tsani suke gani.

Ta uku ta cikin ɗaki ce, ta ranar da ruwa ya hana fita. Kun san ragaya da iyayenmu ke rataye ƙwarya. Haka za a rataye gora ko sanda mai santsi, ɗaya ko biyu, daga azara, kusa da taga. Sharaɗinta a bar taga da ƙofa buɗe, iska ta shiga ta fita. In kin rufe ɗaki da jiƙaƙƙen kaya, laimar ba ta da inda za ta je sai bango da katifa da ƙirjin yara. Kuma don Allah kada a kunna gawayi cikin rufaffen ɗaki wai don kaya su bushe. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum cikin barci, ga hijabin roba da ke kama wuta cikin ƙiftawar ido.

Abu ɗaya ya shafi dukan ukun. Kada a ɗaura igiyar shanya a jikin sandar wutar lantarki, kada a rataya tufa bisa wayar da anka jawo daga ɗaki zuwa ɗaki, ko da an ce wutar ta tafi. Jiƙaƙƙen zane da jiƙaƙƙen hannu hanyar wuta ne, kuma ba ta sallama in za ta dawo.

Kowane kaya da wurinsa

Fararen kaya, zanen gado, tawul, da duk kayan jariri, rana tsaka suke so. Rana tana ƙara musu fari, tana kuma rage ƙwayoyin cuta. In akwai mai ƙazwa ko makero a gida, a wanke nasa daban da ruwan zafi, a shanya daban a rana, a goge.

Atamfa, shadda da duk abin da anka rina, rana abokiyar gabarsu ce, ita ke shanye launi sannu a hankali. A juya su ciki ya koma waje, a rataya a inuwar da iska ke ratsawa, ko a ranar safe kafin ta yi ƙarfi. Sabon rini mai zuba kada ya hau saman farar riga, matakin ƙasa ne wurinsa. Duk abin da ke da roba a ƙugu, zafi mai yawa yana kashe robar, shi ma a kwashe shi da wuri.

Gidan sauro mai magani, wanda ake rabawa a asibiti, shi ne aka fi yi wa kuskure. Mace ta dirje shi da omo da ruwan jabel, ta baza shi a rana wuni guda, tana ganin tsafta ta yi, alhali maganin ta kashe. An yi shi ne ya jure wanki kamar 20 cikin shekara 3, kin ga bai kamata ya wuce sau ɗaya a wata biyu ba. A wanke shi a hankali da ruwan sanyi da sabuni na gari, ba dirza, a shanya a inuwa. Ruwan wankinsa kada a zuba a tabki ko gulbi, yana kashe kifi. Gidan sauron da rana ta cinye maganinsa, in ya huje ko kaɗan, sauro zai shiga ya kwana da ɗiyanki.

Kayan da muke ɓoyewa

Yanzu zan taɓo inda ba mu son a taɓa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mu ne mu kaɗai a filin nan. Ina muke shanya ɗan kamfai da rigar nono da ƙunzugun al'ada? Bayan ƙyaure. Ƙarƙashin katifa. Cikin lungun makewayi inda rana ba ta taɓa leƙawa. Wata ta rataya a ƙusa ta rufe da zane mai kauri. Budurwa kuwa, don kunyar babanta da yayyenta maza, takan cusa shi da danshinsa cikin jaka, gobe ta mayar a jiki. Tufar da ta fi kowace kusa da jiki, ita ce ba ta taɓa ganin rana ba.

Ku tambayi ungozoma ko malamar asibiti ku ji. Danshi da ɗumi a wannan wuri su ne abincin cuta: ƙaiƙayi, ƙuraje, wari, fitar ruwa. Sai mu ce sanyi ne, mu bi masu tallar magani muna kashe kuɗi, ƙunzugun da bai bushe ba yana nan yana mayar da ciwon. Wata ma bashin asusu ta ɗauka don maganin abin da rana za ta iya tarewa kyauta.

Ban ce a yar da kunya ba, kunya adonmu ce. Na san kuma akwai masu tsoron kada wani ya ɗauke ƙyallen ya kai inda bai kamata ba. Mashanya tana maganin duka biyun. Ki rataya ƙananan kayan a igiyar tsakiya, zannuwa a igiyoyin gefe, sun zama labule ke nan, rana kuwa daga sama take zuwa. In mai naɗewa ce, ki sa su a matakin sama, ki yafa musu tsohon gyale marar kauri wanda haske da iska ke ratsawa. Ki ajiye ta bakin ɗakinki inda idonki yake. Ƙunzugu a fara jiƙa shi da ruwan sanyi, don ruwan zafi yana kama jini a tufa, a wanke da sabuni, a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe ƙarau kafin a naɗe. Ƙungiyoyin da ke ɗinka ƙunzugu na zamani mai wankuwa, ku riƙa faɗa wa masu saye wannan, don shi ya fi tsumma kauri, ya fi daɗewa bai bushe ba. Uwa kuma ta kira ɗiyarta budurwa ta nuna mata wurin, ta ce, "Nan ne naki, ba mai taɓawa." In ba ke kinka buɗe mata ƙofa ba, ba za ta tambaya ba har abada.

Shekara da lokutanta

Da hunturu, bushewa ba matsala ba ce, ƙura ce matsala. Iskar daga gabas da arewa take zuwa, don haka a sa mashanya inda ɗaki ko katanga ya tare mata wannan gefen. A share tsakar gida a yayyafa ruwa kafin a yi shanya, kada a yi shara kaya na rataye. A goge igiyar da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba ki ga jan layi a tsakiyar farin zane. Da sun bushe a kwashe, kada a bar su suna tara ƙasa.

Da bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi kan wuce awo 40. A lokacin nan inuwa ma ta ishi yawancin kaya. Zanen da kinka bari daga hantsi har la'asar, awa ɗaya ya yi yana bushewa, sauran awowin ƙonewa yake.

Da damina sai an yi dabara. Wanki da sassafe, kaɗan kaɗan, kada a tara na mako biyu a rana ɗaya cikin watan Agusta. Ido na gabas, don daga can hadari ke tasowa, kuma iska da ƙura ke riga ruwa isowa. In za ki gona ko kasuwa, ki bar mai naɗewa ƙarƙashin rumfa tun farko, ya fi ki dawo ki tsinci kayanki a gidan maƙwabta. Ruwan wanki kuma a zubar da shi inda zai tsotse, a kife baho da bokiti. Ruwan da ya kwana kwanaki gidan sauro ne na gaske, kuma ɗan tatata yana iya faɗawa cikin bokiti da ka, ba wanda ya ji.

Abin da ƙungiya za ta iya

Tun 1991 da anka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, abin da munka koya shi ne dala bisa dala tana yin jika. Mashanya ma haka za ta samu. Ga shawarar da nake so ku tattauna a zubi mai zuwa.

A ce ku 25 ne, kunka yarda kowace ta ƙara dala goma a mako, wato sefa 50, daban da zubi. A mako kuna da 1,250, a mako huɗu jika biyar. Ku wakilta mutum biyu su je wurin kafinta ko mai walda na unguwa da awon da na faɗa, su tambayi kuɗin ɗaya, su tambayi kuɗin biyar ko goma in za a yi tare, don sari ya fi sauƙi. Ku tambayi mutum biyu ko uku kafin ku tsayar. A fara yin ɗaya a gwada ta mako biyu, a ga inda take buƙatar gyara. Daga nan a riƙa bayarwa bi da bi kamar adashe. Ni a ganina mai jego da mai ciki tsoho su ne na farko, don su ke da tsumman jariri kullum, sai masu zaman haya, sai saura ta ƙuri'a. A rubuta komai a littafin ƙungiya, kuma kada a taɓa babban akwati sai taro ya yarda.

A ƙauye ma ba sai an fitar da kuɗi da yawa ba. Gwafa da sanda akwai, igiya kaɗai za a saya. A yi gayya, samarin gida su haƙa rami su kafa, yau gidan wannan, jibi gidan waccan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma abin samu a ciki. Ƴar ƙungiya mai sana'ar wanki da guga, in tana da mashanya biyu za ta karɓi kaya ko da damina, ta mayar da su ba wari ba tabo, masu kaya su dawo su kawo wasu. Wannan bashi ne mai biyan kansa.

Sai zaman tare. Faɗa nawa munka raba a gidan haya da gidan kishiyoyi wanda asalinsa igiya ce? Wannan ta ture kayan waccan gefe, waccan ta ce rinin wannan ya ɓata mata riga, daga nan sai gori, sai gaba ta wata uku, har abin ya biyo mu wurin zubi. In kowane ɗaki yana da tasa, rabin maganar ta mutu. Inda fili bai isa ba, a raba kwana kamar yadda ake raba girki, kowace ta san ranarta. Wadda kuma ta ga hadari ya taso maƙwabciyarta ba ta nan, ta kwashe mata kaya ko da ba sa magana. Sau da yawa daga nan gaisuwa ke dawowa.

Kafin zubi mai zuwa, kowace ta zagaya gidanta ta duba inda take shanya kayan jariri, da inda ɗiyarta budurwa ke shanya nata. Ƙungiyar da ta gwada mashanya, ko ta samo dabarar da ta fi tawa, ta aiko da labari ta hannun shugabarta, za mu sa a filin nan kowa ya amfana. A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu yi zancen ajiyar kaya cikin akwati, da yadda ake tsare su daga gara da kyankyaso.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya sa albarka a asusunmu, Ya raya mana zuri'a. Ku gaida gida.